Hoton Ya Aisa Mai Turare

Ya Aisa ta shigo Maiduguri daga Bama a shekarar da garin ya faɗa hannun 'yan bindiga. A ƙafa ta zo, da 'ya'ya mata biyu da ƙullin zannuwa. Mijinta Umara ya ce su yi gaba, zai kulle shago ya biyo su. Har yanzu bai iso ba. Babu wanda ya ga gawarsa, babu kuma wanda ya gan shi a raye, don haka Ya Aisa ba ta yi takaba ba. Duk wanda ya zo mata ta'aziyya sai ta ba shi ruwa ya sha, sannan ta tambaye shi wa ya rasu.

Ƙanenta Madu ya ba ta ɗaki a gidansa da ke Mafoni, ta koma sana'ar da ta gada daga kakarta, wato haɗa turaren wuta. Ta san itacen gabgab mai kyau daga nauyinsa a hannu, ta san lokacin da sukari ya kama itace ba tare da ya ƙone ba. Ciniki kuwa bai yanke ba. Bom ya hana mutanen Maiduguri abubuwa da yawa, amma bai hana su aure ba, kuma babu amaryar da ke tarewa ba turare. Sannu a hankali wasu matan Bama suka zo suna taya ta daka da suya, kowacce tana samun na cefane.

A lokacin ne ƙungiyoyin agaji suka cika gari da fararen motoci. Cikin baƙin akwai Madam Hilda, daga wata ƙasar Turai mai sanyi, wadda aikinta shi ne haɗa sana'o'in mata da kantunan ƙasarsu. Mai yi mata tafinta ita ce Susanna, 'yar Biu, yarinya mai hankali. Ranar da suka fara zuwa, Madam Hilda ta yi gaisuwa da kalma ɗaya, Susanna ta fassara ta da tambayar gida da yara da zafi da gajiyar jiya. Ya Aisa ta yaba da tarbiyyar Baturiyar, ta kuma yi mamakin yadda Turanci ke ɗaukar magana mai yawa cikin ɗan wuri.

Madam Hilda ta shinshina turaren, ta rufe ido, ta aika da samfuri gida. Ba a daɗe ba wani kanti ya amsa cewa zai riƙa saye a kai a kai. Sharaɗinsu guda ne: kowace kwalba ta ɗauki hoton mai haɗawa da ɗan tarihinta, domin masu saye a can suna so su san hannun wa ya yi abin. Ya Aisa ta ga wannan daidai ne. Ko a Kasuwar Monde ana tambayar haɗin wace ce. Matan da ke taya ta suka fara maganar kama ɗaki nasu na kansu, su bar rakuɓe a gidajen dangi.

Aka sa ranar hoto. Ya Aisa ta shirya kamar yadda duk matar Borno za ta shirya idan an ce duniya za ta gan ta. Aka yi mata lalle har idon sawu, aka yi kitso. Matar Madu ta ara mata laffaya ruwan goro wadda ba a taɓa sawa ba, maƙwabciya ta kawo 'yan kunnen zinari, wata ta kawo awarwaro. Aka share tsakar gida, aka shimfiɗa darduma, aka ɓoye tsofaffin tukwanen suya a bayan ɗaki, aka jera kwalabe a faranti mai ƙyalli.

Da Madam Hilda ta shigo da kyamararta, sai ta ja da baya, ta tambayi Susanna ko biki ake yi su dawo wata rana. Aka ce mata ai wannan shirin na hoton ne. Daga nan ta yi bayani a hankali, da alamar ba ta jin daɗin faɗinsa. Abin da kanti ke so shi ne matar da ta gani ranar farko, zaune gaban murhu da koɗaɗɗen zane, hayaƙi na tashi. Idan mutanen ƙasarsu suka ga zinari za su ce wannan ba ta bukatar taimako, su ajiye kwalbar su ɗauki ta kusa. Ta kuma karanta abin da za a rubuta ƙarƙashin hoton, cewa mata ce da yaƙi ya kashe wa miji, ta rasa komai.

Susanna ta fassara, tana kallon darduma.

Ya Aisa ta gyara laffayarta ta ce, "'Yar nan, tambaye ta. Ita ta ga gawarsa?"

Madam Hilda ta ba da haƙuri nan take, ta ce za a cire wannan magana. Saura tufafin. Nan ma ba ta matsa ba, ta dai faɗi gaskiya cewa ba ita ke yanke hukunci ba, kuma ta san mutanenta.

"Ba kin ce hoton ƙasa-ƙasa zai zaga ba?" in ji Ya Aisa. "To idan ya faɗa hannun Umara fa? Ya ga matarsa cikin tsumma, ya ce bayan rabuwarmu asirina ya tonu, dangina sun kasa riƙe ni?"

Madu, wanda ke tsaye a zaure yana ji, ya leƙo ya roƙe ta da Kanuri. Ya ce ta ɗaura tsohon zanen na ƙiftawar ido kawai, ai kullum ma shi take ɗaurawa, kuma ba ita kaɗai ce ke jiran wannan ciniki ba. Ta ce masa tana ɗaura shi ne a cikin gida. Matan da ke taya ta ba su ce ta yi ba, ba su kuma ce kada ta yi ba, wanda ya fi mata nauyi a kan duk abin da Madu ya faɗa.

Haka Madam Hilda ta ɗauki hotunan, da zinari da lalle da komai, ta aika, ta bi su da dogon bayani. Susanna ta ce ta ji ta a waya tana ɗaga murya da harshensu har fuskarta ta yi ja. Kantin ya amsa cikin ladabi cewa hotunan sun yi kyau ƙwarai, sai dai ba su dace da tsarinsu ba. Suka ɗauki sabulun wasu mata daga wani sansani.

Madam Hilda da kanta ta zo ta faɗa. Ta yi ta ba da haƙuri har sai da Ya Aisa ta koma lallashinta, ta ce mata rabo ne, ta cika mata jaka da turare kyauta. Daga baya biyu cikin matan suka bar daka suka koma bin layin rabon abinci, kuma Ya Aisa ba ta ga laifinsu ba. Madu ya ɗan jima yana amsa gaisuwarta a taƙaice.

Tana nan a Mafoni tana suyarta, ita da waɗanda suka rage. Idan aka tambaye ta labarin Turawa, takan ce Madam mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata. Mutanen ƙasarsu ne take tausayi, domin ta ji an ce hancinsu ba ya jin ƙamshi sai an fara yi musu kuka.