Gashin Ɗawisun Kafili

Juma'ar farko bayan ƙaramar Sallah ce, shekarar da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na tsaya a bakin ruwan kwarin nan na kudancin Riyad ina yi wa Kawu Mamman dariya har ina riƙe ciki. Larabawa da 'yan Filifin sun jera da sandunan fatsa na kanti masu sheƙi, kowa da burodi ko tana a ƙugiyarsa. Shi kuwa Kawu ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaga wata doguwar gora yana kaɗa zare a iska, gaba, baya, kamar mai korar aljanu. Babu koto a bakin zaren, ƙugiya ce kawai da ya yi wa riga da gashin zabo. Na ce, "Kawu, kifin Saudiyya da ya ƙoshi da shinkafar kabsa ne zai ci gashi?" Ban rufe baki ba karfasa ta cafke.

Kawu ƙanin Ummata ne, mutumin Yawuri, a kwalekwale aka yaye shi. Neman abinci ya kawo shi ƙasar da ba kogi, yana gadin istirahar kafilinsa, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa. Istiraha kuwa gidan gona ne na hutawa mai dabino da tsuntsaye. Mu muna unguwar Al-Oud, ɗaki biyu a saman shagon kaji. Makaranta kam ina zuwa in na ga dama, boko da ni gaisuwa ce kawai daga nesa. Abin da na iya shi ne ƙwallo a lungu, da tsokanar mai gasa burodi, da zagi da Larabci. Kawu yakan kira ni Ɗan Riyad, wai Hausata kamar an wanke ta da omo. Duk Juma'a sai ya aike ni shagon ƙasa in tsinto masa gashin wuyan zakara, ya karɓi guntayen zare wurin wani tela a unguwar Dira, ya zauna yana ɗaura ƙugiyoyinsa har su fito sak ƙwari. A gwangwanin alawa yake jera su. In mun je ruwa ba ya gaggawa, sai ya tsuguna ya ga wane ƙwaro ne ke faɗawa, fara ce ko mazari ko ɗan sauron nan, sannan ya buɗe gwangwani. Ruwa ya gurɓace, baƙi zai ɗauka. Rana ta yi sanyi, ɗan ƙaramin fari na gashin tattabara. Yakan ce, "Kifi ba ya cin ado, abin da ya saba gani yake ci."

Ni kuwa ado nake so. Ƙwarin Kawu yawanci launin ƙasa ne, kamar almurun talaka, kuma yaran da muke haɗuwa a bakin ruwa suna da kifayen roba masu walƙiya. To, a istirahar akwai ɗawisu guda, ɗan gatan kafili, wanda in baƙi sun zo shi ake fara nuna musu kafin a zuba gahawa. Da sanyi ya wuce, wata Asabar Umma ta aike ni kai wa Kawu tuwo. Ya tafi ba dabino ruwa, ni kuma na lallaɓa na danne tsuntsun nan, na damƙi jelarsa na fizge cikin hannu guda. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Na ga jini a gindin gashin, na tura ƙasa na rufe. Na ɓuya bayan tanki na ɗaura nawa ƙwaron, ƙato, kore da shuɗi, da ƙulli irin na igiyar takalmi, na saka shi a gwangwanin Kawu don ranar Juma'a in ba shi mamaki. Wayona ke nan.

Mamaki kam an sha, tun la'asar ba ta yi ba. Kafili ya zo da baƙi, ya tarar da ɗawisu a rakuɓe, jela kamar tsohuwar tsintsiya. Kowa ya san wanda ke tara gashin tsuntsu a gidan. Ya sa aka kawo gwangwanin, ya buɗe, ga abina a sama yana ƙyalli. Kawu ya ɗauka ya juya shi. Mutumin da ke gane gashin zabo da na fakara ido rufe, zai kasa gane ƙullin da ba nasa ba? Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ina tsaye da kwanon tuwo. Bakin nan nawa da ba ya shiru ko a sahun sallah, ranar ya mutu. Kawu ya ce da Larabcinsa na gadi, "Ana," wato ni ne. Kafili ya zage shi a gaban baƙi, zagin da na fi Kawu fahimta, ya ce halas, shi ke nan, ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama a ƙasar.

Bayan wata biyu muka raka shi filin jirgin Sarki Khalid. Umma tana kuka tana tsine wa kafili, ina taya ta. A bakin ƙofar shiga Kawu ya miƙo min gwangwanin, ya rage murya ya ce, "Ɗan Riyad, ɗawisu da kansa yake zubar da jelarsa in zafi ya tsananta. Da ka jira, da ka tsinta a ƙasa." Ya shafa kaina ya wuce. Bai taɓa gaya wa Umma ba, ni ma ban gaya mata ba sai yanzu da za a karanta mata wannan.

Yau an gyara bakin ruwan, an sa fitilu da kujeru, ni kuma ina da sandar kanti irin wadda na yi ta kwaɗayi. In na kira Kawu a waya sai mu yi ta barkwanci, ya tambaye ni ko Hausata ta warke, in tambaye shi ko kifin Yawuri ya san ya tsufa. Kalma ɗaya ce na kasa faɗa masa, ta neman gafara. Gwangwanin yana nan, ƙwarin gashin zabon sun kusa ƙarewa don kifi ya cinye su. Na ɗawisun kuwa sabo fil, ko karfasa ɗaya ba ta taɓa kallonsa ba. Ni kaɗai ya kama.