Kwanon da Ladan Ya Kasa Tsallakewa

Ɗan'azumi taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko, da yana raye ma a gaban idonsa zan faɗa. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Gwaram tun kafin Turawa su tafi. Noma bai iya ba, ciyawa ce kawai ke jin daɗin gonarsa. Ciniki bai iya ba, an taɓa sayar masa da akuya mai ido ɗaya yana ta godiya. Amma murya, tubarkallah! In ya ɗaga kiran la'asar, har makiyaya a bayan gari sukan tsaya su saurara. Ladancin nan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya, kuma ya san haka.

Burodi ne ya so ya raba shi da shi. Da arzikin mai ya zo, motocin Kano suka fara sauke burodi a tasha, sai mutumin naku ya tare a teburin mai shayi. Ba a jima ba ciki ya tayar masa da bori: kumburi, zawo, ga rama har wuyan riga ya yi masa yawa. Matarsa Kubra ta jiƙa duk saiwar da ke dajin Gwaram, a banza. Ƙarshe aka sa shi a mota sai Birnin Kudu. Likita ya yi 'yan gwaje-gwajensa, ya ce cikinsa ba ya shiri da alkama. Ba burodi, ba taliya, ba fanke, ba alkaki, ba duk abin da fulawa ta taɓa.

Na je dubiya na ce masa, "Ɗan talaka da ciwon masu kuɗi! Kakanmu har ya koma ga Allah bai san burodi ba."

Ya ce, "Zahara'u, ke dai bakinki ba ya azumi."

Amma fa ya warke. Kumatu suka dawo, murya ta dawo. A daidai lokacin ne Alhaji Barau mai motocin haya ya sayo wa masallaci lasifika da batir, Ɗan'azumi ya riƙa tafiya kamar shi ya ƙera ta.

Bayan 'yan watanni ciwo ya dawo ɗanye. Ita kuwa lasifika ba ta san sirri ba. Wata azahar ya ja numfashi zai fara kira, sai cikinsa ya riga shi, ƙuuu, unguwa duka ta ji. Wallahi da idona na ga maƙwabciyata ta fito a guje tana kwashe shanya, wai hadari ya taso. Wata rana kuma a tsakiyar kiran ya ajiye abin maganar ya zura da buta a hannu, sai wani ne ya ƙarasa. Dattawa suka kira shi cikin ladabi suka ce in bai samu sauƙi ba kafin azumi, za a nemo wanda zai riƙa taimaka masa. Kowa ya san ma'anar wannan taimakon.

Zargi ya hau kansa. Kubra ta riƙa tsefe masa gemu tana neman ɓurɓushin burodi. Mai shayi ya rantse rabonsa da Ladan tun bara. Aka daina kai niƙa inji, wai ko ana haɗawa da na masu alkama, muka koma turmi. Ni da tsufana na yi ta daka ina tsine wa cikin nan nasa, amma ko gezau.

Aron rariya ne ya kai ni gidan Bappa, aminin Ɗan'azumi tun yarinta. A unguwarmu ana ciyayya: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a haɗu a ci na kowa, kuma tsallake kwanon mutum cin fuska ne. Na tarar da Hapsatu, matar Bappa, da tukunya biyu. Babbar tuwon dawa ne na yara. A ƙaramar kuwa tana barbaɗa farin gari tana tuƙawa.

Na ce, "Hapsatu, mene ne wannan?"

Ta ce, cike da alfahari, "Fulawa ce, ɗanmu na Kano ke aikowa. Malam ya ce kada wanda ya taɓa, ta Ladan ce, ya ci mai kyau ya yi ƙarfi."

"Ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

"Ai burodi aka hana shi, Yaya. Wannan tuwo ne."

Innalillahi! Ko rariyar ban ɗauka ba. Na sami Ɗan'azumi a zaure ya jingina da bango, na zazzage masa labari, ina jiran ya zabura. Ko motsi bai yi ba.

Ya ce, "Na sani. Tun lomar farko na gane."

"Ka sani? Ka bar ni ina daka kamar baiwa?"

Ya ce, "Kin tuna shekarar fari? Tuwon dusa Bappa ke fitowa da shi, ya tura kwanon bayan na mutane don kunya. Yanzu Allah ya ba shi abin da zai fitar, ya ajiye a gabana, yana kallon bakina yana murna. Da wane bakin zan ce masa a'a?"

"Sai ka rasa masallacin?"

Idonsa ya kawo ruwa. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Ya roƙe ni kada in faɗa. Na ce na ji, amma ban ce na yarda ba.

Bayan magariba na yafa mayafi na fita wurin ciyayyar, inda mace ba ta zuwa. Bappa na tura farin tuwon gaban Ladan, na sunkuya na ɗauke kwanon.

Na ce, "Malam Bappa, ka gafarce ni. Wannan tuwon shi ke kashe abokinka, shi kuma ya gwammace ya mutu da ya faɗa maka."

Bappa ya dubi kwano, ya dubi Ladan. Can ya ce, "Kai, Ɗan'azumi! 'Ya'yana suna kallon tuwon nan suna haɗiyar yawu, ni ina hana su ina ɗura maka cuta, kai kuma kana lashe hannu kana cewa madalla?"

Ɗan'azumi ya ce, "To ai da daɗi."

Sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Kafin in juya sauran mazan sun cinye tuwon tas, wai don kada Ladan ya yi sha'awa.

Ana jajibirin azumi dattawa suka zauna a ƙofar masallaci tun kafin la'asar, ba su ce sauraro suka zo ba, amma kowa ya gane. Ni ina leƙe ta katanga. Ɗan'azumi ya ja kiran nan tun daga farko har ƙarshe, tsaf, ba abin da ya sa masa baki. Liman ya gyara rawani ya shige, ba a ƙara ta da zancen mataimaki ba.

Da aka idar da salla, Bappa ne ya fara fitowa. Ya girmi Ɗan'azumi, amma ya sunkuya ya nemo takalmansa cikin na jama'a, ya kakkaɓe su, ya juya masa su, ya tsaya a gefe yana jiransa.