Tseren Keken da Gaisuwa Ta Cinye

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin lafiya, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da na shirya tseren keke. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ku da kuke zuwa aiki a kan babur, ku saurara.

Zamanin En'e ne, a shekarun hamsin, kafin a sami 'yancin kai. An tura ni wani gari tsakanin Kiru da Dangora a matsayin disfensa. Disfensa shi ne mai riƙe da ɗakin shan magani na ƙauye. Shi ke yin allura, shi ke wanke gyambo, shi ake aikowa idan ciwo ya kayar da mutum a gida ko a gona. Abin hawana keke ne, kuma mu masu keke a garin 'yan kaɗan ne.

Ana nan sai dattawa suka kai kuka wurin Dagaci, wai keke yana cire kunya. Yaro ya ɗare sirdi ya fi su tsawo, ya wuce su fuu da takalmi a ƙafarsa, har ya kaɗa musu ƙararrawa sai ka ce awaki. Dagaci ya sa doka: daga wannan ƙofar gari zuwa waccan, kowa ya sauka ya tura kekensa.

Da damina maciji ya sari wani manomi a can bayan gari. Haka na ratsa garin nan ina tura keke ina sassarfa, jakar magani tana rawa a kariya. Kafin in isa, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Allah ya sa yana da sauran kwana, amma na san na gaba ba lalle ya iya jira na ba.

Washegari na tafi fada, na faɗi na yi gaisuwa, na roƙi a janye dokar. Dagaci ya dube ni ya ce, "Malam, da me keke ya fi ƙafa, ban da rashin kunya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da sauri. A ba ni rana guda in nuna."

Ya amince. Aka sa rana bayan girbi, za a taso daga wata tsamiya a hanyar Badafi a ƙare a ƙofar fada, kuma ranar babu doka. Na tara masu keke: malamin gona, malamin makaranta, mai gyaran keke, 'yan tireda, da Tanko tela. Na ja musu kunne sosai. Na ce, "Jama'a, ranar nan ba gaisuwa. Ko mahaifinka ka gani, ka sunkuyar da kai ka taka feda." Suka ce, "To, Malam." Daga baya na gane wannan "to" ɗin ma'anarta sun ji, ba sun yarda ba.

Abin da ban hango ba shi ne shela. Sankira ya zaga ya sanar da tseren, sai duk wani mai furfura a garin ya ɗauko buzunsa ya fito kallo. Kowace inuwa a bakin hanya da majalisarta.

Muka taso da hantsi. Daidai lokacin wata Bafulatana ita ma ta bar gindin tsamiyar, ƙwaryar nono a ka, za ta cikin gari. Muka wuce ta muna dariya. Ba mu yi nisa ba malamin gona, wanda ke gaba, ya hango kawunsa. Sai na ji ƙiii, birki. Ya dira, ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Na daka masa tsawa, "Kai, tsere muke yi!" Ya ce, "Malam, kawu ne fa." Sauran da suka ga ya sauka, kunya ta hana su wucewa, kusan duk suka dira. Kun kuwa san gaisuwarmu ba ta da gajeriya: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da girbi, yaya mai jiki. Wani tsoho har da tambayar ɗan tireda ko gishiri ya sauka.

Aka hau, aka ɗan taka, ga wata majalisar. Aka sake sauka. Ina ta masifa, muryata har ta dushe, sai ga Liman zaune a ƙofar masallaci yana kallona. Wallahi ban san lokacin da ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Ina durƙushe ina cewa "Allah gafarta Malam" Bafulatanar nan ta wuce mu, ko waiwaye ba ta yi ba.

Mutum ɗaya ne ya bi maganata, Tanko tela. Ya sunkuyar da kai ya yi ta takawa. Surukinsa, Malam Audu, ya miƙe ya ɗan shigo hanya don ya sa masa albarka, Tanko kuwa ya kaɗa masa ƙararrawa ya kewaye shi. Ya iso fada shi kaɗai, ya ɗaga hannu yana jiran tafi. Ba wanda ya tafa masa.

Da muka iso, gumi sharkaf, gwiwoyi duk ƙasa, Bafulatana ta riga ta zauna tana dama wa mutane fura. Dagaci ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce, "Malam, ka ce za ka nuna mini sauri, sai ka nuna mini ladabi. Na janye doka. Kowa ya hau, amma ya sauka wa na gaba da shi. Shi kuwa wannan da ya zo na ɗaya, ya ci gaba da turawa sai surukinsa ya huce."

Raina ya ɓaci, na manta a fada nake. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gara turawar! Dafin maciji ba ya tsayawa sai na gama gaida majalisa."

Dariya ta ɗauke. Dagaci ya sa aka yago masa jan ƙyalle. Ya ce, "Idan wurin marar lafiya za ka, ɗaura wannan a kan kekenka ka wuce kowa, har ni. Amma gaisuwar tana nan tana jiran ka. In ka dawo, ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

Haka na yi ta aiki har aka canza mini gari. Da sun hango jan ƙyalle, tsofaffin nan su ke kore awaki da yara daga hanya, suna cewa, "Wuce, Malam, Allah ya ba shi lafiya." A dawowa kuwa ba wanda ke yafe mini ko "ina gajiya" guda, ga ƙarin tambayar jikin wanda na je dubawa. In na fita da safe, sai la'asar nake ganin ɗakin maganina.

Abin da na koya ke nan: mutanenmu za su buɗe maka hanya don ceton rai, amma ba za su yarda ka wuce su kamar ba ka gan su ba. Wannan ciwon gwiwa da kuke ji ina kuka da shi, ba feda ce ta jawo mini shi ba. Durƙuso ne.