Ƙafar Keke

A layin nan babu mai kiranta da wani suna sai Mai Keke. Ɗakinta ne na farko in ka shigo gidan hayar, mai taga ɗaya da ke kallon titi, kuma a gindin tagar nan keken ɗinkinta yake zaune tun kafin a haifi rabin masu kawo mata ɗinki. Baƙin keke ne irin na da, mai ƙafar ƙarfe, wanda ake takawa. Fentinsa ya goge a daidai inda tafin hannunta ke sauka, matakinsa kuma ya sha taku har yana ƙyalli.

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma da mugunta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙafafunta ba sa barinta ta kwanta.

Da rana lafiya lau suke. Sai ta idar da sallar magariba ta zauna lazimi abin yake tasowa. Ba ciwo ba ne irin na wanda ya buge, ba kuma kumburi ba. Ita da bakinta cewa take kamar an soka allura a dunduniya ana jan zare a hankali ta cikin ƙwauri har gwiwa. Wata rana kuma kamar kiyashi sun sami sukari a cikin ɓargo. In ta sosa, ba a fata yake ba. In ta matsa, sai ya nutse ya ɓullo ta wani wuri. Abu ɗaya yake jin tsoro, motsi. Tana miƙewa ta fara taku sai ya lafa, tana kwanciya sai ya dawo da 'yan uwansa.

Marigayi mijinta, direban babbar mota, ya sha shuri a gadon nan ba kaɗan ba. Yakan ce, "Ni dai na ga ikon Allah. Da rana mace na aura, da dare kuma jaki nake kwana da shi."

"Ka gode wa Allah ba na cizo," in ji ta.

Daga baya ya koma shimfiɗa tabarma a ƙasa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kai ƙararta wurin kowa ba. Allah Ya kai haske kabarinsa.

Masu ba da shawara kuwa ba su taɓa yanke mata ba. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce hannu aka sa mata. Maƙwabciyarta ta ɗaki na biyu, wadda ake kira Uwar Biyu, ta rantse iska ce.

"Aljanin da ya rasa aikin yi sai ƙwaurin tsohuwa," in ji Mai Keke, "ai shi ne abin tausayi, ba ni ba."

Ita ta samo wa kanta dabara. Bayan isha'i sai ta jawo buhun ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mutane, ta hau keke, ta yi ta haɗa su. Ba don tana buƙatarsu ba. In ƙyallen ya ƙare ma, cire allura take yi ta ci gaba da takawa haka nan, tana salati a ranta, har ƙafafun su ɗau zafi su yi nauyi. Daga nan sai ta lallaɓa ta hau gado da sauri, wai kafin su farga. Wani daren ta sami barci mai ɗan dama, wani daren su tashe ta ta sake komawa kan keken. Da haka ta rayu, ta aurar da 'ya'ya, ta yi jikoki.

Da shekaru suka ja, barcin ya ƙara gajarta, gyangyaɗi ya fara bin ta da rana. Ta taɓa ɗinke bakin hannun rigar wata malamar makaranta ruf, har matar ta tambaye ta ko an ce mata dungu ne da ita. Ta taɓa yin barci ana tsakiyar gaishe ta. Ranar da allura ta huda mata farce kuwa, babban ɗanta ya zo ya tarar da yatsan a naɗe. Shi mai gyaran wutar lantarki ne, Injiniya ake ce masa, mutumin kirki mai saurin yanke hukunci. Bai tsaya jin ta bakinta ba ya ɗauke ta sai asibiti.

Likitar yarinya ce mai haƙurin sauraro. Ta bar Mai Keke ta faɗi zancen zaren da kiyashin duka, ba ta yi dariya ba. Ta ce cutar sananniya ce, mutane da yawa na fama da ita, kuma babu ruwanta da iska. Da aka auna jini, ta ce sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a jikinta, wannan kuwa yana ƙara tsananta abin.

"Ƙarfe?" in ji Mai Keke. "'Yar nan, ni da nake taka shi tun ina budurwa?"

A nan likitar ta yi dariya. Ta rubuta mata magani, ta ce ta rage shayi da yamma, ta kuma ci gaba da motsa ƙafar tunda tana jin sauƙi. Wannan duka Injiniya bai ji ba, yana waje yana amsa waya. Da ya leƙo, abin da ya tsinta kawai shi ne kalmar ƙarshe: "Mama tana buƙatar hutu sosai." Barci likitar take nufi. Shi kuwa ya ɗauki kalmar ya sa a aljihu ya tafi da ita.

Wata rana Mai Keke ta je duba ƙanwarta da ba ta da lafiya. Da ta dawo da la'asar, ta tarar da kan kekenta a bisa sabon tebur na katako, an ɗaura masa ɗan injin lantarki a baya, da wata doguwar baƙar waya, a ƙasa kuma wani ɗan abu kamar kunkuru wanda ake dannawa da ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar keken an jingine ta a barandar gidan, kusa da bokitai. Injiniya na tsaye yana goge hannu, bakinsa har kunne.

"Mama, kin huta! Daga yau taɓawa kawai za ki yi, shi zai yi gudun."

Ta dubi fuskarsa, ta ga irin murnar da yake yi tun yana yaro in ya kawo mata abu. Maganar ta zo mata har maƙogwaro ta mayar. Ta ce, "Allah Ya yi albarka."

Injin kam yana gudu. Ɗinkin yini guda kafin azahar ta gama shi. Amma darare suka zame mata abin tsoro. Maganin likita ya ɗan rage kaifin abin, bai kore shi ba, ga shi babu inda za ta sauke shi. Ta zagaya ɗakin nan har ta san kowane tsagi na siminti da tafin ƙafarta. Idanunta suka faɗa, ta fara manta raka'ar da take. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Sai ta koma jawo kujera baranda da yamma, ta zauna gaban ƙafar keken da babu kai a kanta, ta yi ta takawa. 'Yan gidan suna wucewa suna gimtse dariya.

"Yaya, ina za mu ne yau?" in ji Uwar Biyu. "Ki rage mini hanya zuwa kasuwa."

"Hau baya, amma ban da surutu."

Ta kira ɗanta a waya ta ce ya zo ya mayar mata da ƙafar kekenta. Ya ce, "Haba Mama, ai ƙafar nan ce ta kashe miki ƙafa. Sabo ne kawai, zai bi jikinki." Ya kashe wayar, yana kan tsani. Da labarin zaman baranda ya kai masa kuwa, sai ya ga abin kunya ne a ce uwarsa tana taka ƙarfen banza mutane na kallo. Ya yi magana da mai tara tsofaffin ƙarafa da ke bin layin da amalanke, ya ce ya je ya ɗauke, kyauta.

Da hantsi aka zo. Mai Keke ba ta daɗe da samun barci ba bayan asuba, ba ta ji komai ba. Uwar Biyu ce ta buga mata ƙofa.

"Yaya, tashi! An tafi da ƙafarki!"

Ta dubi ƙafafunta tukuna, sannan ta gane. Ta zura hijabi, ta sa silifa wari da wari, ta fita. A bakin mahaɗar titi ta cim ma mai amalanken, gaban mai faci. Ga ƙafar kekenta kwance a kan amalanke, tsakanin ruɓaɓɓen murhu da ƙofar firji.

"Malam, tsaya. Wannan tawa ce."

Mutumin dogo ne siriri, da tsumma a wuya. Ya ce, "Hajiya, ba ni aka yi. Injiniya da kansa."

"Shi ya haife ta?"

"Ni dai ba ni aka yi. In kina da magana ki yi da shi." Ya kama hannun amalanken zai tura.

Ta tattare hijabi, ta dafa taya, ta hau amalanken ta zauna daram a kan ƙofar firjin, ta rungume ƙafar keken.

"To tura. In tsohon ƙarfe kake tarawa, ga wani nan ka samu. Sai dai likita ta ce nawa ya yi ƙaranci, kada ka ce na cuce ka."

Mai faci ya saki tayar da ke hannunsa yana dariya. Masu shaguna suka fito. Mutumin ya roƙe ta da Allah ta sauka, ta ce ita ma da Allah take roƙonsa ya juya. Ya dubi jama'a, ya dubi tsohuwar, ya ce shi bai taɓa ganin ranar aiki irin wannan ba. Ya juya amalanken. Haka ya turo ta har ƙofar gida, tana zaune ƙyam, tana amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya kamar ba ita ba.

Ba a jima ba Injiniya ya iso a kan babur, don Uwar Biyu ta riga ta kira shi ta ce uwarsa na bisa amalanke. Ya tarar an shigar da ƙafar keken ɗaki, mahaifiyarsa na tsaye a kanta.

"Mama, me na yi miki da za ki tozarta ni a layi? Yanzu me mutane za su ce? Na bar uwata tana wahala?"

"Mutanen nan suna ina lokacin da nake zagaya ɗakin nan kamar akuyar da aka ɗaure? Suna barcinsu. Kai ma kana naka."

"Likita ce ta ce ki huta. Da kunnena na ji."

"Da kunne ɗaya ka ji, ɗayan yana kan waya. Barci ta ce in samu. Ni kuwa ba na samunsa sai na taka abin nan har ƙafata ta gaji da ni. Zaman da kake kira hutu, ɗan nan, shi ne azabata. Tun kana goye nake da ciwon nan. Ka taɓa tambayata yadda yake?"

Ya dubi ƙafafunta.

"Ban ce ka warkar da ni ba," in ji ta, muryarta ta ɗan sauka. "Wannan na Allah ne, kuma ina shan maganina. Amma ni na san inda nake kama shi in kayar. Kada ka ƙara ɗauke mini."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Me ya sa ranar ba ki faɗa ba?"

"Ka ga bakinka ranar? Wa zai iya?"

Uwar Biyu, da ke laɓe a bakin ƙofa, ta tuntsire da dariya. Injiniya ya jawo jakar aikinsa ba tare da ya dubi kowa ba, ya durƙusa ya fara kwance kusoshi. Ya sauke injin, ya ɗauko tsohon katakon keken daga bayan ƙofa, ya mayar da kan a mazauninsa. Sai da aka gama kaf ya tsaya yana sosa ƙeya. Igiyar fatar da ke haɗa babbar tayar ƙasa da ta sama, wadda in babu ita taku ba ya juya allura, ya jefar da ita a shara tun ranar farko.

"Gobe zan nemo sabuwa a kasuwa," in ji shi.

"Gobe? Daren yau fa, kai za ka kwana mini da ƙafar?"

Ta waiwaya cikin ɗakin. Idonta ya sauka kan doguwar baƙar wayar injin da ke naɗe a ƙasa. Ta nuna ta da haɓa.

"Mama, sabuwa ce fil!"

"Shi ya sa za ta yi ƙarko. Yanka."

Ya ɗauki filaya, ya datse. Ta nuna masa yadda zai zura ta cikin ramukan katakon, ya zagayo da ita, ya haɗa bakin ya naɗe da baƙin salatif ɗinsa. Ta zauna, ta tuɓe silifa, ta ce bismillah ta taka. Wayar ta zame. Ya ƙara ɗaure ta tamau. Ta sake takawa, tayar ta juya, allura ta fara hawa da sauka, ƙarar da layin ya kwana biyu bai ji ba ta cika ɗakin. Ta jawo buhun ƙyallaye kusa da ita.

Injiniya ya ɗago injin a hannu, guntuwar waya na reto. Ya ɗaga murya don ta ji shi.

"Wannan fa, ya zan yi da shi?"

Ba ta ɗago kai ba, ba ta kuma rage taku ba.

"Kai wa matarka. Ita ƙafarta lafiya lau."