Askar Baba da Dutsen Kasuwa

A shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin Baba a gidanmu na Tudun Fulani na shiga ajin manya na koyon karatu, a cikinta kuma aka haifa wa ɗana na fari ɗa namiji. Bulon da iskar ta ture ya sauka kan zabirar Baba, jakar da yake ajiye kayan aski. Askarsa ta tsira, amma baƙin dutsen washin da ya gada wurin mahaifinsa ya farfashe.

Baba wanzami ne. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai kalma ɗaya-ɗaya. Ni kuwa doya nake sayarwa, iyakar sanina a aski gyaran gemuna. Amma a gidanmu ba a taɓa yi wa jariri askin suna da askar waje ba. Ranar Alhamis ɗin da aka yi haihuwar, Baba ya tura mini zabirar da hannun hagu. Ya ce, "Kai."

Na buɗe askar, na gwada a gashin hannuna. Ta wuce kamar na shafa cokali. Saura kwana bakwai.

Washegari na shiga kasuwa wurin wani mai sayar da adda da fartanya. Duwatsu sun kai iri biyar a gabansa. Na ce na wasa aska nake nema.

"Maigida, ƙarfe ai ƙarfe ne," in ji shi. Ya miƙo wani toka-toka a kwali. "Mahauta wannan suke saya. Shafa uku, ka yanka sa."

"Ba sa zan yanka ba. Kan jikana ne."

"To ai ya fi sauƙi, jariri ba shi da ƙaho!"

Akwai lamba a jikin kwalin. Na karanta ta da kaina, na ji daɗi, amma ban tambayi abin da take nufi ba. Daga baya na san cewa ƙaramar lamba ta dutse mai kaushi ce, ta mai laushi kuwa babba ce.

Da la'asar na zauna a tsakar gida, na zuba ruwa, na ɗaga bayan askar na danna ta yadda nake yi wa wuƙar doya. Ƙarar tana fita garau-garau. Ban yi ja ashirin ba na ji kofin silba yana dukan ƙarfen gado a ɗakin Baba, da ƙarfi, ba tsayawa. Na shiga da gudu, na zaci faɗuwa ya yi. Yana kwance, idonsa a kan hannuna. Da kunne ya gane.

Ya karɓi askar ya juya ta wajen taga. Bakinta ya yi zane-zane, kusa da tsini kuma ga ɗan giɓi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya laluba zabira ya ciro ɓallin tsohon dutsen, ya kama babban yatsana ya ja farcen a kai. Santsi, kamar bayan faranti. Ya sa na ja a kan na kasuwa, farcen ya kankare.

Ɓallin bai kai faɗin askar ba, ba zai yi aiki ba. Na sa shi a aljihu na yi ta yawo da shi kwana biyu, ina ja da farce a kan duk dutsen da aka nuna mini. Sai ranar Lahadi wani tsohon kafinta a unguwar Fadikpe, da ya dawo daga coci, ya fito mini da biyu: matsakaici da mai laushi.

"Ɗan'uwa, matsakaicin zai cire giɓi, mai laushin ya kawo kaifi, fata ta ƙarasa. Yaushe ne sunan?"

"Alhamis."

Ya girgiza kai. "Allah ya taimaka. Kada dai ka danna."

Na kai tabarma bakin gadon Baba. Ya nuna mini a kwantar da askar baki da baya gaba ɗaya, nauyinta kaɗai ya isa. In ƙarar ta canza, sai kofi ya bugi gado. Na rubuta a bayan littafin ajinmu: ruwa, kwance, a hankali. Kwana uku ban je rumfar doyata ba. Zanen ya goge, kaifi ya zo, giɓin ya ragu har sai an juya ta a rana ake ganinsa. Amma yana nan.

Safiyar Alhamis aka raɗa suna, aka raba goro. Matata ta fito da jaririn a zani, ta zauna a ƙofar ɗakin Baba inda muka jingina Baban da matashi. Na jiƙa kan da sabulu. Maɗigarsa tana motsi a ƙarƙashin yatsana, sama da ƙasa. Na ɗaga askar.

"Hannu," in ji Baba.

Na ɗauka hannuna yake nufi. Ashe nasa ya miƙo, na hagun. Na gane, a jikinsa yake so in fara gwadawa. Na ja askar a kan gashin damtsensa. Gashin ya zube lafiya, sai wajen tsini wani siririn layi ja ya biyo baya.

Matata ta ja jaririn zuwa ƙirjinta. "Malam," ta ce a hankali, "a kira wanzamin bakin masallaci."

Na dubi Baba. Ya rufe ido, ya gyaɗa kai.

Wanzamin bakin masallaci ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi askin da tasa askar kafin shayi ya huce. Yaron bai ko farka ba.

Har yanzu ina wasa askar duk Juma'a, giɓin ya ɓace bayan wata biyu, da ita nake yi wa Baba aski. Abin da muka rasa a wancan makon shi ne: faɗin ƙwayar gero a bakin askar, kwana biyar na kasuwa, da askin suna ɗaya da aka yi a gidanmu da askar waje.