Gwaggo Ige da Wayarta a Tsakiyar Teku

Duk wanda ya zauna da Gwaggo Ige ya san da nisan gari take auna ƙarfin muryarta a waya. In da mutanen Kurya Madaro take magana, a zaune take yi bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa. In Shinkafi ce ko Zurmi, sai ta miƙe tsaye. Gusau kuwa sai ta fito tsakar gida ta riƙe ƙugu. Ranar da autanta Kabiru ya fara kiranta daga Jidda, inda ya samu aikin gwajin jini a wani asibiti, wallahi da idona na ga ta kife turmi ta hau. Kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya rasu.

Na ce, "Gwaggo, ko raɗa kika yi zai ji ki fa."

Ta toshe bakin wayar da tafin hannu ta harare ni. "Ke Balki, kin taɓa zuwa Makka? To rufa min baki. Ga hamada tsakani, ga ruwa. Maganar da ba ta ci tuwo ba, kan hanya za ta faɗi."

Yayar mahaifina ce, ita ta goye shi. Tun da mijinta ya rasu ta riƙe gidanta a Kaura Namoda da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwon awaki, ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Wayar tata kuwa, kun dai tuna, a cikin safa take, safar a cikin gwangwanin madara, gwangwanin a ƙulle a bakin zane. Kafin ta kwance wannan ta buɗe wancan, kiran ya daɗe da yankewa. Ko a jikinta. "Mai son magana da ni ya sake kira."

Ita dai ba ta kiran kowa. Filashin take yi, ƙara ɗaya ta katse, ta zauna tana jira. "Ni ba ni kira, sai dai a kira ni." Haka take yi wa kowa, har liman, har mai maganin ciwon gwiwarta.

Wata rana da hantsi tartsatsin murhu ya kama rumfar awakinta. Maƙwabta suka shigo da bokitai, awaki na ta kuka, ita kuma ta koma gefe ta kwance zane, ta buɗe gwangwani, ta zare safa, ta yi wa Babanmu filashin. Yana gona, sai da ya kai ƙarshen kunya sannan ya kira.

"Yaya, lafiya?"

"Lahiya lau, Mamman. Ina gajiya? Ina iyali? Gero ya yi kai?"

Sai da ta gaishe shi tsaf, har ta tambayi jakinsa, tunda katinsa ne ke tafiya. Sannan ta ce, "Af, rumfar awaki ce ke ci da wuta."

Baba ya zo a guje bisa babur, ya tarar an kashe, sai hayaƙi. Ya ce, "Haba Yaya! Gobara guda, ba ki iya kira ba?"

Ta ce, "Wuta ta ci rumfa, kuma waya ta ci kati? Asara biyu rana guda?"

Sai kuma bikin da muka je wani ƙauye gaba da Gurbin Bore, can dab da iyakar Nijar. Akwai katin da Kabiru ya tura mata tun ƙaramar salla, tana tattalinsa kamar gado. Muna sauka a mota wani saƙo ya shigo da Faransanci, ba wanda ya kula. Da la'asar aminiyarta ta Shinkafi, Hajiya Kulu, ta kira, suka yi ta hira har suka gama da amarya da dangin ango. Da muka dawo Kaura ta ce in duba mata katinta, kamar yadda take sa ni kowace Juma'a. Na duba, wayam.

Ai ko gyale ba ta cire ba muka nufi shagon Malam Sani mai gyaran waya a bakin tasha. Ya duba ya ce, "Hajiya, wayarki ce ta kama sabis ɗin Nijar. In haka ta faru, ko kiranki aka yi sai kin biya. Romin ake ce masa."

"Romo? Wayar ma romo take sha?"

"Romin, Hajiya. Wato ta shiga ƙasar wasu."

Gwaggo ta ɗaga wayar ta ƙura mata ido kamar ta kama ɓarauniya. "Ni ƙafata na Najeriya, ke kin tsallaka Nijar ba sallama, har kin ci kasuwa da kuɗina?" Muna komawa gida ta jefa ta cikin rumbu ta rufe. Kwana bakwai! Duk mai nemanta sai dai ya tako da ƙafa. Da na roƙa mata afuwa ta ce, "Bari ta ji yadda zaman gida yake."

To, babban labarin shi ne na jirgin ruwa, kuma yau zan faɗa muku shi cikakke, don rabinsa kawai kuka sani.

Kabiru ya biya mata Umra, aka ce ni in raka ta. Da muka gama ibada muka koma gidansa a Jidda, sai ya ce yana da tsaraba: ya kama mana ɗaki a wani katafaren jirgin shaƙatawa, kwana uku a Bahar Maliya. Da muka isa bakin ruwa Gwaggo ta ɗaga kai tana ƙirga benaye har ɗankwalinta ya zame.

"Kai Kabiru, wanga ba jirgi ba ne, unguwa ce ta ɓalle. Ina za shi?"

"Ba inda za shi, Inna. Zagayawa zai yi ya dawo."

"A ƙona mai don a koma inda aka fito? Allah Ya shirya masu kuɗi."

Tun saukarmu Jidda, Kabiru ya sa mata layinsa na biyu a wayarta, irin wanda ba a sa masa kati, sai ƙarshen wata a kawo wa mutum lissafi. Kafin jirgi ya tashi ya karɓi wayar ya rufe mata sabis, wata 'yar alamar jirgin sama ta fito a kusurwa. Gwaggo ba ta karatun boko, amma ba abin da ke wuce idonta.

"Mi ne wanga?"

"Alamar jirgin sama ce, Inna. Kada ki taɓa ta. Waya a tsakiyar teku ta fi ta Nijar tsada nesa ba kusa ba."

"Muna cikin jirgin ruwa ka sa min na sama? So kake ta rikice? Kuma Nijar ƙasar wasu ce, na yarda. Nan fa? Ruwan Allah ne. Wa ke da shi balle ya karɓi kuɗi?"

Kabiru ya yi dariya ya ce ta dai bari. Ni kuwa jirgi na fara lilo cikina ya juya, na kwanta ina ta amai, ban ƙara sanin inda kaina yake ba. Shi kuma ya tafi yawonsa da matarsa. Wannan ita ce damar da Gwaggo ta samu.

Ashe cikin masu gyaran ɗakuna akwai wata 'yar Sudan mai jin Hausa. Gwaggo ta tare ta a lungu, ta tambayi asalinta har ta gano kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka tafi, ta ba ta ƙuli-ƙuli, sannan ta ce, "Ɗiyata, wani jirgi ya maƙale min a waya, cire min shi." Baiwar Allah ta cire.

Gwaggo ta yi wa Hajiya Kulu filashin, sai hannunta ya yi nauyi wajen katsewa, Hajiya Kulu ta ɗauka. Gwaggo ta tsaya jiran matar nan da ke cewa katinka ya ƙare. Shiru. Minti biyar, shiru. Minti goma, shiru. Nan fa ta yanke hukunci: layin ƙasa mai tsarki ne, albarka gare shi, ba ya ƙarewa.

Jama'a, kun tuna ranar. Duk wanda ya ga baƙuwar lamba tana ta ƙara, ya ɗauka ya ji muryar Gwaggo, sai gabansa ya faɗi. Matar liman ta ce ita har ta fara salati, don ta ɗauka wasiyya za a bar mata. Gwaggo ta kira mai kula da awakinta ta sa ya kai wayar bakin kowace akuya. Ta kira Malam Sani mai gyara don kawai ta gaya masa ta samu inda ba a shan romo. Ta kira Hajiya Kulu sau huɗu tana ba ta labarin ɗakin cin abinci. "Kulu, nama tuli guda, ba mai tsaro! Ka ɗiba, ka koma, ka ƙara, ba mai kallonka. Amma ba su iya miya ba."

Rana ta biyu bayan azahar na ɗan samu sauƙi, na lallaɓa na hau saman jirgi ina nemanta. Can na hango ta a bakin ƙarfen da aka kewaye jirgin da shi, iska na kaɗa mayafinta, ta miƙa hannu waje da waya. Na taho da sauri in fizge, sai na ji muryar da ke fitowa daga ciki. Babanmu ne.

Kun san halin da yake ciki a lokacin. Tun da 'yan bindiga suka hana noma a wajen Kurya Madaro ya bar gonarsa ya dawo Kaura, bai shekara ba ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kwance, magana da ƙyar, ya daina dariya, ya daina tambayar kowa komai.

Gwaggo ta dawo da wayar kunnenta. "Mamman, ka ji? Shi ne tekun da Malam ke ba mu labari muna yara. Gabas ruwa, yamma ruwa. Ba daji, ba kwazazzabo, ba inda mugu zai laɓe. Da gero na fita bisa ruwa, da na kama maka gona nan."

Na ji ya yi wata magana a hankali. Ta ce, "Mi kac ce?" Ya maimaita. Wai ta ɗanɗana masa, da gaske gishiri ne?

Ruwan yana can ƙasa, ya fi zurfin rijiya goma. Sai ta shafa yatsa a jikin ƙarfen inda feshin ruwa ya bushe, ta lasa, ta yamutsa fuska. "Gishiri ne, har ya yi yawa. Duk wadda ta yi wagga miya, a mayar da ita gidansu."

Sai na ji dariyar Baba. Wata irin dariya mai haɗe da tari, amma dariya ce. Daga baya Innarmu ta ce min tana tsakar gida ta ji, ta saki tsintsiya ta ruga ɗaki, ta ɗauka wani abu ne ya same shi.

Na san kowane minti kuɗi ne. Na san abin da Kabiru ya faɗa. Na janye hannuna, na samu kujera na zauna. Ta ba Baba labarin tsuntsayen da ke bin jirgi, da wani kifi da ya yi tsalle, suka koma kan rafin da suke wanka suna yara, da ranar da ya faɗa ciki ta jawo shi da kunne. Har aka kira la'asar suna tare.

Kwana biyu da komawarmu Jidda wata ya ƙare, saƙon lissafi ya shigo wa Kabiru. Yana tsaye ya karanta, sai ga shi zaune a ƙasa.

"Inna! Me kika yi da layin nan? Kuɗin ya kai na bijimin sa!"

"Ba ruwan Allah ba ne?"

"Ruwan na Allah ne, Inna, amma eriyar ta mai jirgi ce!"

Gwaggo ta gyara zama. Can ta ce, "Bijimin, mai tozo ko marar tozo?"

Matar Kabiru ta ruga kicin tana toshe baki. Shi kansa ya rasa ko ya yi kuka ko dariya. Sai Gwaggo ta ce ya karanto mata kiran ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta karantowa tana cewa, "Wuce. Wannan laifinka ne, kai ka ba ni layin da ba ya faɗin gaskiya." Da ya zo kan na Baba, wanda ya fi kowanne tsawo, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Wanga nawa ne, ni za ni biya."

Kabiru ya rantse ba zai karɓa ba. Muna dawowa gida, ranar kasuwar Shinkafi ta farko, ta sa aka ɗora awakinta uku a mota, har da jar nan mai haihuwar tagwaye da ba ta bari kowa ya taɓa. Ta sa ni na tura masa kuɗin tana tsaye a kaina.

Baba ya rasu bayan girbin wannan shekarar. A zaman makoki wata daga cikin dangi ta ɗauko zancen jirgi don ta sa mutane murmushi, ta ce, "Ige, ke da ba ki sayen ashana sai kin yi ciniki, kika ba da awaki uku kan hira?"

Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Na kai Mamman teku da awaki uku, yana kwance bisa gadonsa. Ku gaya min wa ya taɓa samun araha irin wagga."



Ita ma da daminar bara ta bi shi, bayan jinyar kwana huɗu, da bakinta da hankalinta. Allah Ya jiƙan Gwaggo Ige, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya haɗa ta da ƙanenta a inda ba ciwo, ba tsoro, ba rabuwa. Mu da muka rage, Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.