Sunayen da Ba Su Sauka Cikin Fayil Ba

Abdulfatah ɗan garin Daddara ne. Da gyaran waya ya fara a tashar Magama, a nan kuma ya koya wa kansa rubuta manhaja a wata tsohuwar kwamfutar tebur marar batir. Shi ya rubuta wa direbobin tashar manhajar rajistar fasinja: suna, lambar mota, lambar wani ɗan'uwa, kafin a ƙetare zuwa Maraɗi.

Da farko duk sunan da aka shigar nan take yake sauka cikin fayil. Sai dai faifan kwamfutar ya tsufa, kowane suna sai an jira shi. Shugaban tasha, Alhaji Ɗantala, ya hana shi sakat.

"Wagga na'ura taka ta cika saiɓi, Injiniya. Ko ka gyara, ko mu koma littafi."

Abdulfatah ya faɗaɗa bafa, wato wurin da sunaye ke taruwa a ƙwaƙwalwar na'ura, sai ya cika a juye su cikin fayil gaba ɗaya. Aiki ya yi sauri. Ya gargaɗe su, har ya manna takarda a bango: a rufe manhaja kafin a kashe janareta, in ba haka ba abin da ke cikin bafa ya tafi. Amma al'adar tashar, da ladan ya kira azahar, wanda ya fi kusa da janareta shi ke kashe shi don kada ƙara ta dami masallata.

Wata Laraba wata motar tashar ta kife bayan an ƙetare iyaka. Da la'asar wata mata, Delu, ta iso daga ƙauyen Riko ko takalmi babu, tana tambaya ko mijinta Arzika na ciki. Abdulfatah ya buɗe fayil. Tun hantsi babu suna ko ɗaya.

"Wa ya kashe janareta?" Ya juya ga Alhaji.

"Salla za mu bari saboda injinka?" in ji Alhaji.

"Daƙiƙa biyu, Alhaji! Maɓalli ɗaya! Ga takarda nan a gaban idonku!"

"Kai ka sauya abin, ba ni ba."

Wannan ta fi ƙona masa rai, don gaskiya ce. Ya san halinsu sarai, ya kuma bar sunayen mutane a hannun takardar bango. Delu na tsaye tana duban bakinsa.

"Ɗana, yana ciki ko ba ya ciki?"

"Ban sani ba, Inna."

Ya zauna ya sauya layi ɗaya a cikin manhajar, yadda kowane suna zai sauka cikin fayil kafin a karɓi na gaba.

"Saiɓin ya dawo. Wanda bai iya jira, ga littafi nan."

Ya tayar da babur ɗinsa, ya ɗauki Delu suka nufi iyaka, su bi gadajen asibiti ɗaya bayan ɗaya.